Yadda Ake Sulhun da Ba Ya Warwarewa

Shekara 11 ke nan ni nake riƙe biro a zauren mai unguwarmu duk lokacin da aka kawo rigima. Tun da na ajiye aikin koyarwa aka ɗora mini, saboda ina rubuta boko da ajami. Abin da na fi ji a bakin masu husuma, tun ba su gama cire takalmi ba, shi ne "Mu haɗu a kotu!" Galibi mai faɗar haka bai taɓa taka ƙofarta ba.

Kalmar kotu aro muka yi daga Turawa, kakanninmu gidan alƙali suke cewa. Yau abu uku muke nufi da ita. Akwai ginin, inda za ka ga jama'a a gindin bishiya suna jiran a kira su. Akwai zaman, kamar a ce yau babu kotu, an ɗage sai wani watan. Sai kuma ikon, in an ce kotu ta ce a biya. Wannan na ukun shi mai ƙara yake nema, kuma shi ne babu a hannun mai unguwa ko dagaci ko hakimi ko 'yan Hisba. Su sasantawa suke yi, ba za su sa a sayar da kadarar mutum a biya ka ba. Kotunan ma kowace da huruminta. Aure da saki da gado da riƙon yara, kotun shari'ar Musulunci ake kai su. Fili a cikin birni mai takardar mallaka daga gwamna kuwa, dokar mallakar filaye ta 1978 babbar kotun jiha ta ba wa.

Kafin a shimfiɗa tabarma, a fara duba ko maganar ta sulhu ce. Bashi, iyakar gona, kuɗin haya, cinikin da ya lalace, saɓanin ma'aurata, duk ana zama a kansu. Fyade da kisa da fashi ba na zaure ba ne. Na sha ganin an zo da dare ana roƙon a rufa asiri bayan an lalata yarinya, ban taɓa rubuta irin wannan takarda ba, kuma ba zan rubuta ba. Hadisi ya halatta sulhu tsakanin Musulmi, amma ya cire wanda zai halatta haram ko ya haramta halal.

Daga nan sai mai shiga tsakani, kuma dole kowane ɓangare ya yarda da shi da bakinsa. Kawunka da kake ganin adali ne, abokin rigimarka kawunka kawai yake gani. A rikicin aure Alƙur'ani ya riga ya nuna hanya a Suratun Nisa'i, aya ta 35: mutum ɗaya daga dangin miji, ɗaya daga dangin mata. Rikicin ciniki a nemi dattijon kasuwa da ya san farashi. Wanda yake Kano kuma, tun 2009 akwai cibiyar sasanci a ƙarƙashin babbar kotun jiha.

Mu a zaure mukan fara jin kowa shi kaɗai, ya amayar da abin da ke cikinsa, sannan a haɗa su. In abin na gani da ido ne, a tashi a je. Wasu maƙwabta biyu sun yi wata huɗu ba sa gaisawa a kan indararo. Da baki kowa yana da gaskiya. Ranar da aka yi ruwa muka je, muka tarar indararon na zuba daidai gindin katangar ƙasa, ya zaizaye ta har hannuna yana shiga ramin. Mai indararon ya tsuguna ya duba, ya ɗago ya ce, "Alhaji, wallahi ban san ta kai haka ba." Alhajin ya ce, "Malam, da ka leƙo tun farko ai da ba mu wahalar da mutane ba." A nan tsaye aka gama.

To, inda aka fi yin sakaci shi ne bayan an shafa fatiha. Kowa ya ji sanyi, sai a watse babu rubutu. Kada ka yarda. A rubuta kwanan wata da cikakken sunan kowa. Kuɗi a sa shi da lamba da kuma kalmomi. A faɗi ranar biya, ba "in Allah ya hore" ba, kuma in kashi-kashi ne a faɗi nawa duk wata, a hannun wa, da abin da zai biyo baya in an saɓa. In iyaka ce a auna da tef, a kafa dutse ko turke a gaban mutane. A karanta takardar da ƙarfi cikin Hausa, kowa ya sa hannu ko ya dangwala, da shaidu biyu daga kowane ɓangare, kowa ya tafi da kwafinsa, ɗaya ya zauna wurin mai unguwa.

In maganar gado ce, a ji ta bakin mace da kanta. Yayanta ya ce "ta yafe" bai isa ba, ni sai na je ƙofar ɗakinta na tambaye ta. Rabon maraya kuwa babu mai ikon yafe shi don a zauna lafiya.

Idan ƙara ta riga ta shiga kotu, kada ka je ka janye kawai. Ku ɗauki takardar ku koma gaban alƙali tare, ku roƙi a shigar da ita a matsayin hukuncin kotu. Da zarar an yi haka, wanda ya saɓa, hukunci ya saɓa, kuma kotu za ta tilasta masa. Wani mai sayar da hatsi a unguwarmu ya janye ƙararsa a kan alkawarin baki, ya jira har kaka biyu, daga ƙarshe sai da ya sake yanko sammaci daga farko, ga ɗaya daga cikin shaidunsa ya rasu.

Kuma kada a bar zama ya yi ta jan ƙafa, musamman a kan gona. A fiƙihun Malikiyya da alƙalanmu ke aiki da shi akwai hauzi: bare ya shekara 10 yana noma wuri kana gani, ba ka yi magana ba kuma babu uzuri, da'awarka na iya faɗuwa. Tsakanin dangi akan kai shekara 40. Shi ya sa ko an zauna ba a daidaita ba, nakan rubuta cewa ranar kaza wane ya zo ya nemi haƙƙinsa a gaban su wane, in sa mai unguwa ya buga hatimi, in miƙa masa ya adana.