Yadda ake tashi daga kansila zuwa majalisar dokokin Birtaniya

Duk mai son gane siyasar Birtaniya ya bi sawun David Blunkett, makaho ne tun haihuwa, amma ya zama kansila a Sheffield a 1970 yana ɗan shekara 22, ya shugabanci kansul ɗin birnin daga 1980 zuwa 1987, daga nan ya wuce majalisa, har ya riƙe ministan ilimi a 1997 da ministan cikin gida a 2001. Ga yadda hanyar take.

Da farko ka yanki katin jam'iyya a mazaɓarka ka riƙa zuwa mitin. Shi Blunkett jam'iyyar Leba ya shiga. Aikin farko ba na nuna isa bane, rabon takardu ne da ƙwanƙwasa ƙofar mutane gida gida cikin sanyi da ruwan sama kana tambayarsu me ke damunsu, wani ya saurare ka wani ya rufe maka ƙofa.

Sai ka nemi takarar kansila a gundumarku. Ba a ajiye ko sisi, kuma in ka ci alawus ake ba ka ba albashi ba, shi ya sa da yawa ba sa barin aikinsu na da. To nan ne fa ake gane mutum. Kwashe shara, ramukan titi, gidajen haya na kansul, kula da tsofaffi, duk kanka za su biyo, kuma akwai ranakun da za ka zauna mutane na shigowa ɗaya bayan ɗaya da kokensu. A ganina wanda bai yi wannan zaman ba bai san talaka ba, komai iya maganarsa.

Mataki na uku shine shugabancin kansul, kuma a yawancin wurare ba jama'a ke zaɓar shugaba kai tsaye ba, kansilolin jam'iyyar da ke da rinjaye ne ke tsayar da ɗayansu, saboda haka in ka ɓata da abokan zamanka to ka manta kawai. Yanzu kasafin kuɗi ya dawo wuyanka. Blunkett a zamanin Firaminista Margaret Thatcher ya riƙe shugabancin, lokacin da ake ta kai ruwa rana tsakanin gwamnati da kansuloli kan kuɗin da suke kashewa, hakan ne ya sa aka san shi a ƙasa baki ɗaya.

Daga nan sai neman tikitin majalisa. Kujeru 650 ne, ƴan jam'iyya na mazaɓar ke zaɓar ɗan takara, za ka kawo sa hannun mutum 10 da fam 500 na ajiya, a maido maka in ka samu kashi 5 cikin ɗari na ƙuri'u. A babban zaɓe wanda ya fi kowa ƙuri'a ya ci, ba zagaye na biyu. Blunkett ya ci kujerar Sheffield Brightside a 1987, shekara 17 kenan bayan zamansa kansila, ya shiga zauren da karensa mai yi masa jagora.