Sabon Zuwa Amurka: Dokar Jiha Daban, Ta Tarayya Daban

Sau da yawa sabon zuwa yakan ɗauka doka ɗaya ce ke aiki a faɗin Amurka. Jihohi 50 ne, kowace da kundin tsarin mulkinta, da gwamnanta, da majalisarta, da kotunanta. Gyara na 10 a kundin tarayya, wanda ya fara aiki a 1791, ya bar wa jihohi da jama'a duk ikon da ba a damƙa wa gwamnatin tarayya da ke Washington ba. Shi ya sa lasisin tuƙi, aure da saki, da rigimarka da mai gidan haya duk a hannun jiha suke. Texas da Florida ba sa cire harajin jiha a albashi, Kalifoniya kuwa tana cirewa.

A kowace jiha majalisa ke yin doka, gwamna ya aiwatar, kotu ta fassara. Alƙali na iya soke dokar da gwamna ya riga ya sa wa hannu idan ta saɓa wa kundi, gwamna kuma ba shi da ta cewa sai ɗaukaka ƙara.

Sunayen kotuna ma kan ruɗa mutum. A New York, idan sammaci ya zo maka daga Supreme Court, kada gabanka ya faɗi: kotun fara shari'a ce, mafi girma a jihar ita ce Court of Appeals.

Inda na fi so ka buɗe kunne shi ne batun shige da fice, domin na tarayya ne kacokan. Za ka ga shagon tabar wiwi da lasisinsa a bakin titi a Kalifoniya, amma dokar tarayya ba ta halatta ta ba. Ɗan ƙasa zai saya ya wuce abinsa, kai kuma mai biza ko katin zama za ka iya jawo wa takardunka matsala. Kotun shige da fice tana ƙarƙashin Ma'aikatar Shari'a ne, kuma gwamnati ba ta ba ka lauya kyauta a can yadda take yi a shari'ar aikata laifi. Ka ƙi halartar zama, alƙali na iya ba da umarnin korarka a bayan idonka.

Idan ka sauya gida, ka sanar da USCIS, hukumar tarayya mai kula da takardun shige da fice da zama ɗan ƙasa, cikin kwana 10. In kana da shari'a a kotun shige da fice, ita ma ka sanar da ita daban, don sanarwar farko ba ta isa gare ta.