Darasi na 9: I'ina da Jinkirin Magana, Gado Ne?

Ɗauki jaririn ruga ka kai shi riƙo gidan masunta a Argungu. Da Hausa zai buɗe baki, ba da Fulatanci ba. Ashe yare a kunne ake ɗaukarsa. Abin da yaro ke gada kayan aikin ne: ƙwaƙwalwa, kunne, da yadda harshe da leɓe ke juyawa.

Ƙwayoyin gado suna zuwa a ƙunshi 46, wato 23 daga uwa, 23 daga uba. A 2001 masana a Ingila suka gano sauyi a ƙwaya ɗaya mai suna FOXP2, a jikin wani dangi da ke Landan. Kusan rabinsu, daga kaka har jikoki, ba sa iya sarrafa baki su fitar da kalma daidai. Irin wannan ba shi da yawa. Galibi ƙwayoyi da dama ne ke haɗuwa.

I'ina na bin dangi, kuma ta fi kama maza. Na taɓa ganin uba yana daka wa ɗansa tsawa: "Kai, faɗi mana!" Yaron ya runtse ido, jijiyar wuyansa ta miƙe, kalmar ta ƙi fita. Abin ya taɓa ni, domin kawun yaron ma haka yake magana. Wannan ba taurin kai ba ne, ba kuma iska ba ce. Tsawa ƙara ɗaure harshe take yi. Ka saurare shi har ya kai aya, kada ka ƙarasa masa.

Sai dai kada a ɗora wa gado komai. Sanƙarau da ƙyanda suna iya kurmantar da yaro, wanda bai ji ba kuwa da me zai kwaikwaya? Gubar dalma da ta ɓulla a Anka da Bukkuyum a 2010 ita ma tana taɓa ƙwaƙwalwa.

Ɗan shekara ɗaya yakan ce "mama". Ɗan shekara biyu yakan haɗa kalmomi, kamar "ba ni ruwa". In lokacin ya wuce shiru, a kai shi asibiti a fara duba kunnensa. Cire belu wajen wanzami ba ya buɗe baki.

Aikin gida: Rubuta kalmomi biyar da ƙaramin yaron gidanku ya iya faɗa, tare da watanninsa na haihuwa.