Yadda na gyara saitin tsohuwar Lee-Enfield

Bindigar No. 4 ce ƙirar Long Branch ta nan Kanada, mai cin harsashi .303, irin wadda a gida ake kira Mak 4. A yadi 100 harsashi na sauka inci shida sama da inda na auna. Na sauya harsashi, na ɗaure sukurorin katako, duk a banza.

Ashe saitin gaba, wato ɗan ƙarfen auna bugu da ke kusa da bakin bindiga, shi ne ya yi gajarta. An buga lamba a gindinsa, nawa .015 ne. Tsayinsu hawa-hawa yake, kowane ƙarin hawa .015 na inci ne, kuma yana sauke harsashi kusan inci biyu a yadi 100. Hawa uku nake buƙata, wato .060.

Wahalar tana wajen saye, don iri biyu ne. Idan mazaunin da ake zura saitin a ciki yana da sukuru, saiti mara tsaga a gindi yake ɗauka. Wanda ba shi da sukuru, irin nawa, sai mai tsagaggen gindi. Wajen dillalin tsofaffin kayan soja na samu, bayan na tura masa hoton mazaunin.

Na tabbatar babu harsashi a ciki, na yi alama da fensir, na fitar da tsohon da sandar tagulla da ƙaramar guduma, na zura sabon daidai alamar. Alhamdu lillahi, yanzu tsakiya take bugu.