Yadda Ake Neman Sahihin Bincike a Laburaren Asibiti, da Misalin Gubar Dalma a Zamfara

Ɗalibin koyon jinya ko ƙaramin likita a Gusau, idan aka ɗora masa rubuta kundin bincike, yakan ɗauki wayarsa ya zuba tambaya a Google, ya kwashi duk abin da ya fito. Abin da ya fi masa shi ne ya fara da laburaren makarantarsa ko na asibitin da yake aiki, domin da yawa daga manyan mujallun likitanci sai an biya kuɗi ake karanta su, kuma hanyar shigarsu tana hannun jami'in laburare. Za mu bi matakan da misali guda: gubar dalma da ta ɓarke a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum a shekarar 2010, sakamakon niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje, wadda ta hallaka yara kimanin 400.

Mataki na farko shi ne ka tsayar da tambayarka tun kafin ka taɓa kwamfuta. "Gubar dalma a Zamfara" kanun labari ne, bai isa a yi bincike da shi ba. Tambayar da za ta yi aiki ita ce irin wannan: shin maganin da ake ba yara 'yan ƙasa da shekara biyar ta baki yana rage yawan dalmar da ke cikin jininsu? Ka kasa ta gida huɗu a takarda: su wane ne marasa lafiyar, wane magani aka ba su, da me ake kwatanta shi, kuma wane sakamako ake aunawa. A ƙarƙashin kowane kashi ka rubuta kalmomin Ingilishi biyu ko uku da likitoci suke amfani da su, tunda da Ingilishi aka tsara rumbunan binciken.

Daga nan sai ka tafi laburare da katin shaidarka, ka yi rajista, ka nuna wa jami'in takardar nan. Ka tambaye shi kai tsaye ko cibiyarku tana da rajista da Hinari, shirin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar a 2002 domin cibiyoyin lafiya na ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi su sami dubban mujallu kyauta ko da rangwame, wanda yanzu yake ƙarƙashin Research4Life, haɗakar shirye-shiryen samar da mujallun ilimi irin wannan. Cibiya ce take rajista, ba mutum ɗaya ba. Idan an ba ka kalmar sirri, amana ce: watsa ta a zaurukan WhatsApp ya saɓa wa sharuɗɗan shirin, kuma yana iya jawo a rufe wa cibiyar baki ɗaya.

Mataki na uku, wanda ya fi cin lokaci, shi ne binciken kansa. Ka fara da PubMed, rumbun da Laburaren Likitanci na Ƙasar Amurka yake kula da shi, wanda aka buɗe wa kowa kyauta tun 1997, kuma yake ɗauke da bayanan maƙalu sama da miliyan 35. Kada ka rubuta masa doguwar jimla. Ka saka kalmomin da ka tanada, ka haɗa su da AND idan kana so dukkansu su bayyana a maƙala ɗaya, ko da OR idan ma'anarsu ɗaya ce. A misalinmu za ka rubuta "lead poisoning" AND Zamfara AND children. Idan sakamakon ya yi kaɗan, ka cire Zamfara ka sa Nigeria. Idan ya yi yawa, ka ƙara sunan maganin, wato succimer OR DMSA. A nan ne MeSH yake da amfani, wato jerin kalmomin da aka tantance ake yi wa maƙalu alama da su, ta yadda ko marubuta sun kira cuta ɗaya da sunaye daban-daban, za ka tarar da su wuri guda. Ɗalibai da dama suna tsallake shi saboda gaggawa, alhali minti goma tare da jami'in laburare sun isa a koye shi. A gefen hagu na shafin akwai matatun da za su rage maka sakamako ta shekara, ta nau'in bincike, ko su bar maka waɗanda ake karantawa kyauta kaɗai. Da wannan neman za ka ci karo da binciken da ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka wallafa a mujallar PLOS Medicine a 2014 kan maganin da aka ba yaran Zamfara, kuma kyauta ake sauke shi.

Sau da yawa taƙaitaccen bayani kawai PubMed yake nunawa, kuma kuskure ne babba a kafa hujja da shi ba tare da an karanta yadda aka gudanar da binciken ba. Domin samun cikakkiyar maƙala, ka duba ko tana cikin PubMed Central, rumbun cikakkun maƙalun da ake karantawa kyauta. Idan babu, ka shiga ta Hinari. Idan nan ma ta gagara, ka ba jami'in laburare lambar DOI, wato lambar shaidar maƙalar a intanet, ya nemo maka, ko ka aika wa marubucin saƙon imel cikin ladabi, domin yawanci adireshinsa yana jikin maƙalar.

Kada ka tsaya a nan, saboda ba duk binciken da aka yi a yankinmu ne ya shiga PubMed ba. African Journals Online da African Index Medicus suna tattara mujallun Afirka, kuma Sahel Medical Journal da Annals of African Medicine, waɗanda tushensu Sakkwato ne, suna yawan kawo binciken asibitocin Arewa maso Yamma. Kundayen ɗaliban da suka gabace ka ma suna nan jere a kan kantocin laburare. Idan kuma tambayarka ta shafi ingancin wani magani, ka leƙa Cochrane Library, inda ake tattara gwaje-gwaje masu yawa a auna su tare.

Kafin ka yarda da kowace maƙala, ka duba shekararta, yawan mutanen da aka yi nazari a kansu, da wanda ya ɗauki nauyin binciken. Akwai mujallun da kuɗin marubuci kawai suke so, ba sa tace abin da suke bugawa. Idan ba ka ga sunan mujalla a MEDLINE ko DOAJ ba, wato jerin mujallun da aka tantance, ka nemi shawarar malaminka tukuna.

Abu na ƙarshe shi ne adanawa. Da yake wutar lantarki da intanet ba su da tabbas, ka sauke kowace maƙala nan take, ka sa mata suna da sunan marubuci da shekara, ka kuma kwafe ta a filashi. Manhajar Zotero kyauta ce, tana ajiye bayanan maƙala da dannawa ɗaya, sannan ta jera maka madogara a tsarin Vancouver da yawancin mujallun likitanci suke bi. Ka rubuta ainihin kalmomin da ka yi nema da su da ranar da ka yi, domin mai duba kundinka yana iya tambayar ka su ranar kare aiki.