Zuwa ganin Abuja: inda mutanen Kano suka fi tafka kuskure

Kuskuren farko shi ne Bakano ya ɗauka Abuja gari ne irin namu. A nan kana fitowa daga Kurmi sai ka tsayar da adaidaita sahu, kafin ka ankara kana Gidan Makama ko gindin Dala. Abuja kuwa a takarda aka fara zana ta, bayan gwamnatin Janar Murtala ta yanke shawarar barin Legas a 1976, aka kuma tare a 1991. Unguwa nesa da unguwa, manyan tituna a tsakani. An hana acaɓa a tsakiyar gari, adaidaita ma ba ko'ina take shiga ba. Saboda haka ka ware kuɗin mota na musamman tun daga gida, ka kuma haɗa wuraren da ke kusa da juna a yini ɗaya. Masallacin Ƙasa, dandalin Eagle Square da lambun Millennium Park na Maitama tafiya ɗaya ce. Tafkin Jabi ka bar shi sai yamma, in rana ta yi sanyi.

Maganar mota ta fi damuna. Kada ka faɗa duk tasin da ta tsaya maka a bakin titi don ka ga mutane a ciki. Haka 'yan fashin da ake kira wan cans suke yi, waɗanda ka ɗauka fasinjoji ne duk bakinsu ɗaya da direba. Ka hau a tasha, ko ka kira ta manhaja, ko mai masaukinka ya haɗa ka da direban da ya sani.

Sai masauki. Mutane kan kama ɗaki a Mararaba ko Nyanya don sauƙi, su wayi gari a cikin cunkoson ma'aikata masu shiga gari, rabin safiya ta tafi a banza. In dole can za ka sauka, ka fito bayan hantsi, ka koma kafin a tashi daga aiki.

Ɗaukar hoto ma na jawo wa baƙi magana. Dutsen Aso abin kallo ne, amma fadar shugaban ƙasa tana gindinsa, ga Majalisar Tarayya da Kotun Ƙoli a kusa. In ka ga shinge da jami'an tsaro, mayar da wayarka aljihu, ko ka yi sallama ka nemi izini.

Wani abin da ake mantawa shi ne lokaci. Dutsen Zuma, wanda ke jikin takardar naira 100, a Jihar Neja yake, kusa da Madalla, kuma mai zuwa ta hanyar Kaduna zai wuce ta gabansa. Da hunturu hazo kan dusashe shi har siffar fuskar mutum da ake cewa tana jikinsa ba ta fita sosai. Ruwan Gurara kuma, mai zubowa daga kan duwatsu a Jihar Neja, da damina yake cika yana ruri, lokacin ne ya fi kyau, kuma lokacin ne bai kamata kowa ya shiga wanka ba, balle yara.

Ni dai ina jin takaici in mutum ya ƙare kwanakinsa a manyan kantuna, alhali muna da irinsu a Kano. Ka je Ushafa, wajen Bwari, ka ga mata suna ginin tukwane, laka a hannu, suna zagaya tukunyar tana tashi a hankali, sannan su zana mata ado. Sana'ar ce ta ɗaukaka Ladi Kwali har hotonta ya hau naira 20. Madatsar ruwa ta Usuma ma tana nan kusa.

In ta jirgin ƙasa za ka bi daga Rigasa a Kaduna, ka sayi tikiti ta intanet da wuri, kada ka bari sai ka isa tasha. Ka kuma tambayi mai masaukinka ko Kubwa za ka sauka ko Idu, domin tazarar da ke tsakaninsu ba kaɗan ba ce.