Yadda ake gyara tsohuwar Chevelle ba tare da an kashe asalinta ba

Sabbin shiga harkar tsofaffin motocin Amurka masu ƙaton inji kusan duk kuskurensu ɗaya ne: tun mota na kan tirela sun gama zaɓen fenti da tayoyi. Kada ka kwance ko noti ɗaya sai ka san wace mota ce a gabanka. Zan yi misali da Chevrolet Chevelle ta 1970, don ita hannuna ya fi sani.

Fara da takarda. A ƙirar 1970 lambar shasi ba ta nuna ko motar SS ce ta gaskiya, wato samfurin Super Sport mai ƙarin ƙarfi, tambarin kuwa kowa na iya saye ya manna. Nemi takardar da ma'aikatan kamfani suka bari ranar haɗa motar, sau da yawa tana saman tankin mai ko cikin sifirin ɗin kujerar baya. Mai Ford daga 1967 zuwa sama ya nemi Marti Report, mai Pontiac ya nemi takardun PHS, dukansu bayanin yadda mota ta fito daga kamfani ne. In ta tabbata Chevelle ɗinka mai ƙaton injin LS6 454 ce, mai ƙarfin doki 450, to ka cire hannunka daga ƙirƙira, ka mayar da ita yadda ta fito. In kuwa Malibu ce, wato Chevelle ta gama-gari, mai ƙaramin injin 307, kana da fili.

Sai lambar inji, kuma a nan na sha wuya. Daga 1968 ana buga wani yanki na lambar shasi a jikin inji. A Chevrolet galibi tana kan wani ɗan shafaffen wuri a gaban bulok, wato gangar jikin inji, gefen fasinja, daidai bakin kan silinda. Idan ta yi daidai da ta shasi, injin da motar ta fito da shi ke nan, kuma abin da masu saye a gwanjon Mecum ko Barrett-Jackson ke fara haska tocila a kai ke nan. Ni na kai bulok ɗina wajen mai injin goge ƙarfe don a daidaita samansa, ban ce masa komai ba. Ya yi aiki mai kyau, saman ya fito sumul kamar madubi, lambar kuma ta tafi tare da garin ƙarfen. Na tsaya ina shafa wurin da yatsa, babu ko alamar harafi ɗaya. Har gobe abin na ci mini rai, domin ko an sake bugawa masana na ganewa. Saboda haka ɗauki hoton lambar, ka nuna wa mai aikin wurin, ka ce ya tsayar da injinsa kafin ya iso nan. Ka rubuta a takardar aiki ma. Zai ƙara maka kuɗi kaɗan, biya.

Game da sauye-sauye, dokata ita ce duk abin da sifana za ta iya mayarwa, yi shi. Abin da sai da zarto ko walda, kwana bakwai kana tunani tukuna. Birkin gaba mai faifai a maimakon mai ganga, wannan dole ne ga motar da za ta hau titi. Tayoyin zamani ma haka. Na'urar wutar fulogi ta zamani tana ɓuya ƙarƙashin murfin distirbita, ba mai gani. Lagireto na alminiyam, fesa masa baƙin fenti ya saje. Amma kada ka yanka dashbod don rediyo mai allo, ɓoye shi a akwatin gaban fasinja.

Duk abin da ka cire, kafireta, rim, sitiyari, har notuna, sa a leda ka rubuta suna ka adana. Kada kuɗin cefane ya sa ka sayar, nemo irinsu daga baya ya fi tsada nesa.

Fenti kuwa, lambar launin asali na kan ɗan farantin ƙarfe da ke ƙarƙashin bonet. In ba ka son shi, zaɓi wani daga launukan shekarar. Rim na asali inci 14 ne, kada ka wuce 17, motar ba ta kyau da fiye da haka. Kujeru da kafet su zo ƙarshe, bayan ka yi gwajin tuƙi ka tabbata ba inda ke yoyo.